Guduma Biyu a Kan Kango Ɗaya

Ba mai tuna sunansa na yanka, matarsa ma sai ta yi jim kafin ta faɗa wa ma'aikacin asibiti. Ƙadangare kowa yake ce masa, tun yana saurayi, zamanin da yake hawa bangon bulo ba tsani, ƙusoshi cike da bakinsa, guduma soke a bayan wando. Kafintan rufi ne. Ba ya yin kujera, ba ya yin gado, ƙofa ma sai an haɗa shi da Allah. Yakan ce duk katakon da zai zauna a ƙasa bai kai ya ɓata masa lokaci ba. Rabin kwanon da ke ƙyalli a tsofaffin layukan unguwar shi ya buga, kuma in kuna tafe tare ba zai bari ka manta ba.

Abin da ya same shi bai kai a ba da labari ba, shi ya sa bai taɓa bayarwa ba. Bai faɗo ba, katako bai karye da shi ba. Wata rana da hantsi yana zaune a ƙoƙuwar rufin wani bene, ya leƙa ƙasa zai kira lebura, sai ya hango takalmansa inda ya cire su a gindin tsani, a jere, 'yan mitsi-mitsi, kamar na wanda ya shiga wani wuri ba zai fito ba. Shi ke nan. Tsoron sama ya kama shi. Da ɗuwawu ya sauko, ya ce wa mutane zazzaɓi ne. Tun daga ranar bai sake hawa abin da ya wuce tsayin benci ba.

Wani da zai samu kansa haka sai ya buɗe shago ya koma yin kabad. Shi gara masa a ɗauki gawarsa. Sai ya ci gaba da karɓar rufi kamar da, yana miƙa wa Dogo, tsohon yaron aikinsa wanda yanzu ya tara gemu ya yi iyali. Da mutane suka fara tambayar me ya sa ba a ganin sa a sama, sai ya gano rigima. Ya lura cewa mutumin da ake ƙwace wa aiki ba a tambayar sa me ya sa bai yi aikin ba. Ya kuma lura cewa wanda ake yi wa sata, ana ɗaukar yana da abin sata. Daga nan ya zama ba kafinta a garin da ake cuta kamarsa. Yau wani magini ya ba ƙanen matarsa rufin da ya yi masa alkawari, gobe mai walda ya shiga gonarsa ya yi rufin ƙarfe, jibi mai fenti ya yi masa zagon ƙasa wurin mai gida. Yana fita da safe da tef ɗin awo a wuya, ya yini yana sa a yi masa sulhu, ya dawo da yamma muryarsa a dishe, a gajiye kamar wanda ya yi wa makaranta guda rufi.

Kafintocin wajen suna da wata ƙa'ida da ba wanda ya san wa ya kafa ta. In magini ya kai gini linta, bango ya gama tashi, ya ba ka rufin, sai ka hau ka ajiye gudumarka a kan bango. Duk kafintan da ya zo ya hango ƙotar guduma daga ƙasa ya san an riga shi, sai ya wuce. Ƙadangare ya warware wannan matsalar a bayan gidansa, inda ya yi ta gwaji a kan katangar makewayi har ya ƙware. Yakan tsaya a gindin kango, ya duba gabas ya duba yamma, ya wurga gudumar sama, ta sauka a kan bango da ƙota a waje kamar hannu ne ya ajiye ta. Ya tara tsofaffin gudumomi cikin buhu. Masu jan fenti a ƙota na aikin da aka ba shi ne. Waɗanda ya naɗe da baƙar roba kuwa na aikin da ya ƙwace ne, don shi ma yana ƙwacewa, ba don yana buƙata ba, sai don kada a ce Ƙadangare ya yi sanyi.

Matarsa ba ta taɓa ce masa komai ba. Ta dai ga gindin wandunansa sun daina yagewa, ta daina wanke tsatsar kwano daga rigunansa. Ranar da ƙwan fitilar ɗakinsu ya mutu, yana shigowa ya tarar da ita a kan kujera. Ta ce, "Bar shi, Baban yara, na riga na hau."

Yayanta magini ne, mutum mai ƙarancin magana da faɗin tafin hannu. Shi ya gina wa wata Hajiya, tsohuwar ma'aikaciyar asibiti, ɗakuna a sabuwar unguwar bayan gari, inda duk gine-ginen kamarsu ɗaya: bulo ba shafe, tagogi ba ƙyaure, tarin yashi a ƙofa. Da ya kai linta ya kira mijin ƙanwarsa ya ce, "Ga rufi. Matar nan haya take, mai gidan ya ce ta tashi, ga damina ta taho. Kada ka ja."

"Ni zan ja? Yaya, kamar ba ka san ni ba."

"Na san ka," in ji Magini, ya ci gaba da wanke cebur.

Ƙadangare ya jira leburori suka tafi cin abinci, ya wurga mai jan fenti daga ta gaba, ya wuce wurin Dogo ya miƙa masa aikin. Abin da bai sani ba, Dogo ya daɗe da gajiya da rana. Ya samu hanyar yi wa manyan gidaje kabad ɗin kicin, cikin inuwa, da fanka, har ya fara sa fararen kaya. Saboda kunyar maigidansa yake karɓar rufi, ya cire nasa kason kuɗin ya miƙa wa Mai Babur. Shi kuwa Mai Babur kafinta ne a baki kawai. Abin da ya mallaka babur ne da waya da sanin inda kowa yake shan shayi.

Bayan 'yan kwanaki Ƙadangare yana zaune a kasuwar katako yana ba masu yanka labarin wani magini da ya ci amanarsa, sai ga Mai Babur ya tsaya, bai ko kashe inji ba.

"Oga, zo mu ɗan keɓe. Akwai wani nama."

"Na wa?"

Mai Babur bai so ya ce na Dogo ba ne, don ya san alaƙarsu. Ya ce, "Na wani tsohon kafinta ne, an ce ya karɓa ya kwanta a kai. Baki ne da shi kawai, aikin ya fi ƙarfinsa."

Ran Ƙadangare ya yi fari. Ya san irin waɗannan tsofaffin, ya ce, su ne suka ɓata sana'ar. Ya hau bayan babur, suka bi ta wata hanya da bai saba bi ba, ta bayan masu buga bulo, suka ɓullo wani lungu mai turken lantarki a karkace da mataccen baro a jingine. Ga kango, ga bango, ba guduma ta wannan ɓangaren. Ya aiki Mai Babur ya sayo masa ruwan sanyi, ya zaro mai baƙar roba ya wurga. Da yamma ya je ya ce wa Dogo ya samo masa rufi na biyu. Dogo ya yi godiya, ya cire nasa, ya kira Mai Babur. Aikin ya ci gaba da zagayawa kamar kofin ruwa a hannun leburori, kowa ya kurɓa ya miƙa, Hajiya kuwa tana kallon gajimare ta tagar gidan haya.

Da Magini ya aiko masa cewa har yanzu ko katako ɗaya bai hau ba, Ƙadangare ya zo ta gaba da niyyar ɗora wa Dogo laifi. Ya ja da baya don ya ƙare wa ginin kallo irin na masana, sai ya hango ta cikin ramin taga, can a bangon baya, wata baƙar ƙota tana leƙowa.

Daɗin da ya ji ya fi fushin yawa. Rabon da a yi masa cuta ta gaskiya, mai shaida, wadda ba shi ya ƙirƙira ba, har ya manta. Ya kira Magini, ya kira Dogo, ya sa aka ɗauko Hajiya, ya gayyato duk wanda ke aiki a layin, mai famfo da mai tayil da masu kwaɓa siminti. Ya tsaya a kan tarin yashi, wanda shi ne iyakar tsayin da yake iya hawa, ya fara.

"Yaya, in ka gaji da ni ka faɗa mini. Ƙanwarka tana gidana, ban taɓa barin ta da yunwa ba. Ka ba ni aiki da hannun dama, ka ba wani da na hagu?"

"Kai kaɗai na ba," in ji Magini.

"To guduma fuka-fuki ta yi? Wanda ya yi wannan ba ɗan halak ba ne. Ya hau, ya ga gudumata da idonsa, jan fenti kamar jini, ya tsallake ta ya ajiye tasa. In na kama shi sai ya bar sana'ar nan. Ko wane ne. Ko ɗan uwana ne uwa ɗaya uba ɗaya."

Hajiya, wadda ta zo da lema da jakar magungunanta, ta ce, "Ni dai malam, guduma biyu nake gani, kwano ko ɗaya. In da guduma ke tare ruwa da tuni na tare."

"Hajiya, ki yi haƙuri, maganar mutunci ake yi."

"Nawa mutuncin katifa ce, kuma za ta jiƙe."

Ya ce kowa ya biyo shi a ga abin kunyar da kyau. Ya shige gaba, jama'a na biye, suka zagaya ta gefen ginin suka fito ta baya. Nan ya ga turken lantarki a karkace. Ya ga mataccen baro. Ya ma ga ledar ruwan sanyin da ya sha ya yar.

Daidai nan Mai Babur ya iso ɗauke da Dogo cikin fararen kaya. Ya dubi kangon, ya dubi Ƙadangare, fuskarsa ta washe.

"A'a, Oga, ai wannan shi ne wanda na..."

Ƙadangare ya taka masa ƙafa, ya ci gaba da takawa yana tambayar sa lafiyar iyali. Mai Babur ya tuna shi ma yana da abin ɓoyewa, ya ce iyali lafiya lau.

Magini ya ɗauko tsani ya jingina. "Magana ta ƙare. A sauko da ita a gani. Kowane kafinta an san gudumarsa."

Dogo ya yi ajiyar zuciya ya fara naɗe hannun farar rigarsa. Kan Ƙadangare ya yi aiki da saurin da bai yi ba cikin shekaru. Gudumar nan mai ɓallallen haƙori ce, wadda Dogo ya yi shekarun koyo yana ɗauka masa, har ƙeyarsa ta san ƙotarta. Yana taɓa ta zai gane. Kuma ba zama ɓarawon kansa ne abin tsoron ba, wannan dariya ce ta mako guda. Abin tsoron shi ne maganar da ya gama faɗa da bakinsa a kan yashi: duk wanda ya hau ya ajiye guduma ta biyu, dole ya ga ta farko. Wanda bai gani ba, bai hau ba. Mai tayil ma zai iya wannan lissafin.

"Matsa," ya ce wa Dogo. "Za ka ɓata kayan angonci."

Bai san yadda aka yi ba. Ya dai ji tsanin yana rawa, ya ji hannunsa a kan siminti mai zafi, ya ji ya wurga ƙafa ya haye bangon kamar mai hawa jaki. Ya damƙe gudumar ya tura ta cikin riga.

"Ta wa ce?" in ji mai famfo daga ƙasa.

"Ba suna. Matsoraci ne. Na riƙe ta, in ya isa ya zo ya karɓa."

Jama'a suka yi na'am da wannan hukunci. Sai Ƙadangare ya dubi ƙasa. Ginin ba bene ba ne, ɗakuna ne a ƙasa, tsayin da akuya mai zuciya za ta iya dirowa. Shi dai ya ga kawunan mutane suna nisa suna matsowa, lemar Hajiya tana juyawa ita kaɗai. Ya matse bangon da cinyoyinsa har bulo ya shiga namansa.

"To sauko mana, Maigida," in ji Dogo.

"In sauko in yi me? Baiwar Allah tana jiran rufi, ku kuna tsaye kuna surutu. Miƙo katako."

Aka dubi juna. Katakon yana jibge cikin ɗaya daga ɗakunan tun ranar da Hajiya ta saya. Dogo ya miƙa na farko, farar rigarsa ta samu layin datti na farko. Mai Babur ya ce yana da wani uzuri, Magini ya zare makullin babur ɗin ya sa a aljihu, ya nuna masa zarto.

Abin da ya ba Ƙadangare haushi shi ne hannuwansa ba su san yana jin tsoro ba. Muddin idonsa na kan katako da kan ƙusa, suna aikinsu kamar jiya suka bari. Da ɗuwawu yake tafiya a kan bango, yana ja yana bugawa, gindin wandonsa yana ƙarewa. Mai tayil ya ce wa mai famfo, "Ka ga salon tsofaffin hannu, ba sa miƙewa, kada iska ta gane suna nan." Kafin rana ta take, Dogo ya cire rigar gaba ɗaya ya hau ɗaya ɓangaren, suna miƙa wa juna kan igiya ba mai kallon idon wani.

Matsalar ta fara da aka yi kiran azahar. Kowa ya ajiye kayan aiki, Dogo ya sauka.

"Ku je, ina zuwa. Katakon nan in na sake shi zai murɗe."

Suka je suka dawo yana nan riƙe da katakon da tuni ƙusa ta riƙe shi. Ya ce a miƙo masa buta da faffaɗan allo, wai malaminsu na da ya ce kafintan kirki ba ya sauka sai rufi ya tsaya da ƙafarsa. Dogo, wanda ya san malamin nan bai taɓa faɗin haka ba, ya je ya ɗauko butar. Aka miƙa. Ya yi alwala ruwan na zuba a kan sirdin babur ɗin Mai Babur, ya yi sallarsa a zaune, idanu a rufe gam, sallar da bai taɓa yin mai tsawonta ba.

Wajen la'asar matarsa ta iso da kwanon abinci, don labari ya kai mata cewa mijinta yana sama. Ta tsaya ta ɗaga kai. Ta ga yadda ya rungume katakon, ta ga leɓensa ya bushe. Ba ta kira shi ba. Ta miƙa wa Dogo kwanon, ta je inda yayanta yake zaune a kan bokiti, ta tsuguna ta gaishe shi, ta yi masa magana ƙasa-ƙasa, gajeriya.

Magini ya ce, "Na sani. Tun bara."

Ya tashi ya nufi tarin bulon da Hajiya ta ajiye don katanga. Ya ɗauko biyu ya ajiye a gindin bango, ya ƙara biyu a gefensu, ya ce wa leburori su miƙo. Layin ƙasa mai tsawo, na samansa ya gaza shi, na sama da shi ya ƙara gazawa, duk a manne da bango, faɗinsa ya ishi mutum da ɗan kaya.

"Malam magini, bulon katangata ne fa," in ji Hajiya. "Me kake ginawa?"

"Matakala."

"Zuwa ina? Ni ban ce ina son bene ba."

"Ta tankin ruwa ce."

"Ba ni da tanki."

"Za ki yi."

Ƙadangare yana kallo ta wutsiyar ido. Ya ga abin yana tasowa yana nufo shi, mai faɗi, mara rawa, ga bango da mutum zai jingina kafaɗa. Ya ga matarsa ta juya baya tana gyara mayafi. Ya ga Dogo yana ɗauko bulo ba wanda ya sa shi, idonsa a ƙasa. Sai ya gane an sani. Wataƙila mai tayil bai sani ba, amma mutum uku sun sani, kuma suna ta zufa don kada ya san sun sani. In ya yi sake, abin zai zama kuka ko godiya, kuma duka biyun ƙarshensa ke nan a layin. Da bulon ƙarshe ya taɓa tafin ƙafarsa, ya tattara abin da ya rage masa na murya.

"Yaya, me nake gani haka?"

"Abin da ka gani."

"Abin hawa aikin wa ne? Tun da aka fara gini a duniya, kafinta ke yin abin hawa. Ina sama ina yi maka rufa-rufar aikinka, kai kana ƙasa kana cin nawa?" Ya sauko mataki ɗaya, kafaɗa a bango, yatsa a sama. "Gaban jama'a. Gaban ƙanwarka." Ya ƙara saukowa. "Ba ka ko ce mini ga aiki ba, in ce na bar maka."

"Ban ce ba," in ji Magini.

"Kun ji ko? Ya amsa da bakinsa."

Mai famfo ya ce gaskiya a nan magini bai kyauta ba. Mai tayil ya ce ai bulo ne, bulo kuwa na magini ne ko a sama ko a ƙasa. Masu kwaɓa siminti suka rabu biyu. Kafin ƙafar Ƙadangare ta taɓa yashi musu ya kaure, har an fara tuno wani tsohon rikici na wa ya kamata ya fasa bango in bututu zai wuce. Matarsa ta tura masa bokitin yayanta da ƙafa ya zauna.

Hajiya ta rufe lemarta ta zo ta tsaya a kansa. "Malam, ni ban gane wa ya cuci wa ba. Gobe za a buga kwano ko ba za a buga ba?"

Ƙadangare ya dubi matakalar, ya dubi surukinsa.

"Za a buga. Amma wannan abin kada wanda ya taɓa shi. Shaida ce. Tana nan har sai an yi mana shari'a."

"Yaushe ne shari'ar?"

Magini ya miƙa wa Mai Babur makullinsa, ya karkaɗe hannuwa. "Akwai wani ginin da zan kai linta wata mai zuwa," ya ce. "Can ma zan cuce shi. Sai a haɗa a yi gaba ɗaya."